Jini Ɗaya, Akushi Biyu: Yadda Ciwon Suga Ya Shiga Gidan Mutanen Pima

A layin ganin likita na masu ciwon suga akwai maganar da ba ta barin bakin mutane. Wata dattijuwa da na taɓa zama kusa da ita a kan benci, tana riƙe da katinta da ledar magunguna, ta faɗe ta kamar yadda kowa ke faɗa: "Ai mu ɗan nan, a gidanmu gado ne." Na ce, "Hajiya, kakarki ma ta yi shi?" Ta yi jim, ta ƙirga da yatsu, ta ce a'a, mahaifiyarta ma ba ta yi ba, daga kan yayarta aka fara. Tun daga ranar amsar nan take yi mini yawo a kai. Gadon da ya faro daga kan yaya, a wurin wa aka gaje shi?

Ba na jin akwai inda aka bi diddigin wannan tambaya kamar wurin wata ƙaramar al'umma ta 'yan asalin Amurka da ke jihar Arizona. Sama da shekara 40 likitoci suka yi suna auna su, suna ɗibar jininsu, suna rubuta abin da suke ci. Da yawa daga abin da duniya ta sani a yau game da ciwon suga nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, a jikinsu aka koya.

Mutanen kogi

Duniya ta san su da Pima. Su kuwa sunan da suke kiran kansu Akimel O'odham, ma'anarsa mutanen kogi. Kogin shi ne Gila, ana furta shi Hila. Ƙasarsu hamada ce, kudu da birnin Phoenix, ruwan saman da take samu a shekara bai fi milimita 200 ba. Amma kakanninsu, waɗanda suke kira Huhugam, sun haƙa magudanan ruwa na ɗaruruwan kilomita da sanda da dutse da kwando, ba shanu ba jakuna, tun sama da shekara dubu da ta wuce. Da ruwan kogin suka mayar da hamada fadama.

Masara suke nomawa, da kabewa, da auduga, da wani ƙaramin wake mai jure fari da ake kira tepary. A ƙarshen ƙarni na 17 wani limamin mishan mai suna Eusebio Kino ya iso yankin, alkama ta shigo ta hannun Sifaniyawa. Alkama ta dace da su ƙwarai, don lokacin sanyi ake shuka ta, lokacin da gonar masara ke hutu. Sai suka koma girbi biyu a shekara.

Abin da gona ba ta bayar ba, daji ya bayar. Akwai bishiyar mesquite, 'yar'uwar kiryarmu ce, dangi ɗaya suke. Mata kan tsince 'ya'yanta idan sun bushe, su daka a turmi, su tankaɗe, a sami gari mai ɗan zaƙi-zaƙi, a cuɗa shi da ruwa a yi curi a ajiye. Akwai tohon wata ƙayar hamada da ake tsinka kafin ta yi fure, a gasa a rami. Akwai 'ya'yan saguaro, doguwar bishiyar nan marar ganye da ake gani a hotunan hamadar Amurka, ana kaɗo su da gora a tsakiyar zafi. Ga kifi a kogi, ga zomo, barewa kuma sai an dace.

Ba mabarata ba ne. Lokacin da sojojin Amurka suka ratsa ƙasarsu a 1846, da kuma lokacin da dubban masu neman zinariya suka bi ta nan zuwa Kalifoniya daga 1849, a wurin Pima suka sayi hatsi, wasu ma kyauta aka ciyar da su. Su ne rumbun yankin gaba ɗaya.

A 1993 wasu masu bincike biyu, Boyce da Swinburn, suka zauna suka ƙiyasta yadda cimar Pima take kafin komai ya canza. Lissafinsu ya nuna kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin da suke samu daga abinci, daga sitaci yake, wato hatsi da wake da garin 'ya'yan itace. Maiƙo kuwa kashi 8 zuwa 12 ne kacal. A riƙe wannan lissafi, don zan dawo kansa. Mutanen da kusan duk cimarsu sitaci ce, kuma ciwon suga bai san hanyar gidansu ba.

Da ruwa ya ɗauke

A 1859 gwamnatin Amurka ta shata musu yanki ta ce nan ne naku. Ta ba su ƙasa a takarda, ba ta rubuta musu ruwa ba. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, baƙi fararen fata suka fara kafa gonaki a saman kogin, wajejen Florence da Safford, kowa ya haƙa tasa magudanar ya karkatar da ruwa. A shekarun 1880 aka yi babbar magudanar Florence. Manomin da ke ƙasan kogi ya fito da safe ya tarar da yashi.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da wannan ke nufi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shuka ta bushe a tsaye. Kifi ya ƙare. Shekarun da suka biyo baya, daga wajen 1880 zuwa 1920, har yau Pima na kiran su shekara arba'in na yunwa. Abin da ya fi taɓa mini zuciya a wannan tarihi shi ne yadda suka rayu a lokacin: sare bishiyoyin mesquite suka riƙa yi suna sayar da itacen a garuruwan baƙin. Bishiyar da take ba su gari idan gona ta gaza, ita suka kwantar don su sami na sayen fulawa. Ba wauta ba ce. Wanda yaransa ke kuka da yunwa yau, ba ya lissafin baɗi.

Sai gwamnati ta shigo da tallafin abinci: farar fulawa, suga, kitsen alade, daga baya kayan gwangwani. Me uwa za ta yi da waɗannan? Ta zuba fulawa a ƙwarya, ta sa gishiri da ɗan garin tashi, ta kwaɓa da ruwa, ta gutsuro ta faɗaɗa tsakanin tafukanta har ya kai faɗin faranti, ta jefa cikin kitse mai tafasa. Ya kumbura, ya yi ja, ta juya ta tsame. Kamar fanke ne amma mai faɗi. Yana cika ciki, yana da daɗi, ba ya cin itace kamar wake da sai an wuni ana dafawa. Wannan soyayyen burodi ya ceci rayuka, kuma a hankali ya zama abin da yaro ya buɗe ido ya gani a gidansu, har ya ɗauka shi ne abincin gargajiya.

An gina madatsar Coolidge a kan kogin, aka kammala a 1928, da alkawarin ruwa zai dawo. Abin da ya iso gonakin Pima bai kai ko kusa da abin da aka ɗauke ba. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma rayuwa ta sake juyawa. Samari sun je soja sun dawo, aikin albashi da ƙodago ya maye gurbin gonar gida, motoci suka shigo, kantuna suka cika da lemon kwalba da kayan zaƙi da soyayyun abubuwa na leda. Yunwa ta tafi. Abin da ya zo a madadinta ƙoshi ne na abincin da aka cire wa komai sai zallar sitaci da maiƙo da suga, a jikin mutanen da aka raba su da fartanya.

Ga yadda ciwon ya biyo sawu. A 1908 wani likita masanin jikin ɗan Adam, Aleš Hrdlička, ya ba da rahoton mutum ɗaya mai ciwon suga a cikinsu. A 1937 Elliott Joslin, babban likitan ciwon suga na Amurka a zamaninsa, ya je Arizona ya ƙirga mutum 21, ya ce bai ga bambanci da sauran Amurkawa ba. A shekarun 1950 adadin ya ninka kusan sau goma. Gaskiya ne awon wancan zamani bai kai na yanzu ba, wasu masu ciwon sun kuɓuce wa ƙirga. Amma ciwon da ke makantar da mutum, ya ruɓar masa da ƙafa, ba ya ɓuya a rabin gari likita ya zo ya tafi bai lura ba.

Sun zo neman wani ciwo, suka tarar da wani

A 1963 likitoci daga cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, cikinsu da Peter Bennett, suka je yankin. Ba ciwon suga ya kai su ba. Ciwon gaɓɓai suke bincike, suna so su gani ko ya fi yawa a wuri mai sanyi, don haka suka kwatanta mutanen Blackfeet na jihar Montana da Pima na hamada. Cikin gwajin jinin da suka yi ne suka ga abin da ya tsayar da su. A 1965 aka buɗe bincike na musamman: duk ɗan yankin da ya kai shekara biyar ana gayyatarsa kowace shekara biyu, a auna tsawo da nauyi, a ba shi ruwa mai giram 75 na suga ya shanye, bayan awa biyu a ɗebi jini, a duba ido, a duba fitsari. Haka aka yi ta yi har 2007.

Sakamakon ya girgiza likitoci. Kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da ciwon. Wani rahoto na 1978 ya nuna yawan sababbin kamuwa a cikinsu ya ninka na mazauna garin Rochester a jihar Minnesota sau 19. A 1979 aka ba da rahoton yara da matasan Pima masu ciwon suga nau'i na biyu, ciwon da a da ake ce masa na manya. Mutuwar ƙoda ta ninka ta sauran Amurkawa sama da sau ashirin, har sai da aka kafa wuraren wankin ƙoda a cikin yankin. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka na cewa daga nan suga ya zama ciwo, da bayanan Pima aka taimaka wajen tsayar da shi. Wato lambar da ake duba wa Hajiyar bencin nan a takardarta tana da alaƙa da jinin waɗannan mutane.

A jikinsu ne kuma aka ga yadda ciwon ke sanɗa tun kafin ya bayyana. Duk abin sitaci da mutum ya ci, ciki na narkar da shi ya koma suga ya shiga jini. Sinadarin insulin shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sugan ƙofa ya shiga tsoka a ƙone shi. Idan kitse ya taru, musamman a ciki da hanta, kuma tsoka ba ta aiki, sai ƙofar ta fara taurin buɗewa. Jiki ya ƙara yawan insulin don ya tilasta ta. Shekaru ana wannan ja-in-ja mutum bai san komai ba, yana cin abincinsa yana harkokinsa. Ranar da ƙwayoyin da ke samar da insulin suka gaji, ranar suga ke hawa ya ƙi sauka. Likitocin sun ga wannan a jere: waɗanda jikinsu ya fi bijire wa insulin tun suna lafiya, su ne suka fi kamuwa bayan shekaru.

Inda ingancin abinci ya shigo kenan. Loma biyu na iya ɗaukar sitaci daidai wa daida, amma ba tafiya ɗaya suke yi a ciki ba. Ƙwayar wake na lulluɓe da ɓawo, sitacinta a ɗaure yake, ciki sai ya yi aiki kafin ya kwance shi, suga ya riƙa ɗiga cikin jini kaɗan-kaɗan, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Farar fulawa an riga an cire mata dusa, an niƙe ta luƙui, tana shiga ta narke, suga ya kwararo lokaci guda. Lemon kwalba ko taunawa babu. A 1990 an gwada wannan kai tsaye: aka dafa wasu abincin Pima na da, irin su waken tepary da curin garin mesquite, aka ba mutane suka ci aka bi jininsu, sugan ya tashi a hankali kuma bai yi nisa ba.

Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji an sallami mai ciwon suga a wurinmu da jumla ɗaya, wai ya daina cin tuwo. Sai ya koma gida ya bar tuwon dawa, ya kama burodi da shayi mai madarar gwangwani, yana ganin ya bi doka. Tambayar da ta kamata ita ce wane tuwo, an surfe hatsin har an ba akuya rabin amfaninsa ko an bar shi da dusarsa, malmala nawa, da wace miya, kuma me mutum ya yi da jikinsa bayan ya ci. Wanda ciwon ya riga ya kama dole ya auna ko da na dawa ne, ya bi abin da likitansa ya tsara masa. Amma tarihin Pima bai bar wurin ɗora wa hatsi laifi haka kawai ba.

To, ko gadon ne?

Tun kafin a fara binciken, a 1962, wani masanin ƙwayoyin halitta mai suna James Neel ya kawo wani hasashe. Ya ce mutanen da kakanninsu suka sha fama da yunwa, mai yiwuwa jikinsu ya gaji ɗabi'ar tattali, yana ɓoye kitse lokacin yalwa don ranar babu. Da yalwa ta zama ta kullum, sai tattalin ya koma cuta. Maganar ta yi daɗin ji, aka liƙa wa Pima ita. Shekaru aka yi ana tona jininsu, an samo ƙwayoyin gado da dama da kowace ke ƙara haɗari ɗan kaɗan, amma ba a samo wata guda ɗaya da za a nuna a ce ga mai laifin ba.

Ɓarnar wannan magana ba a ɗakin gwaji ta tsaya ba. Idan yaro ya tashi yana jin cewa ciwon a jininsu yake, ga kakarsa a keken guragu, ga kawunsa yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, me zai sa ya ƙi lemon da aka miƙo masa? Masu nazarin zamantakewa da suka zauna cikin al'ummar sun ji wannan sallamawa a bakin mutane da yawa. Kuma maganar gado tana da wani amfani ga wanda ya kwashe ruwa: ta mayar da laifi cikin jikin wanda aka cuta.

Amsar ta fito daga wani wuri da ba a zata ba. Can cikin duwatsun Sierra Madre, a jihar Sonora ta ƙasar Meziko, akwai wani ƙauye mai suna Maycoba. Mutanensa su ma Pima ne, harshensu ɗan'uwan na Arizona, sun rabu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, gwajin jini kuma ya tabbatar da kusancinsu. Har farkon shekarun 1990 babu kwalta da ta kai wurin. Masu bincike, cikinsu da Eric Ravussin da Leslie Schulz da abokan aikinsu na Meziko, suka fara leƙawa a 1991, suka dawo suka yi cikakken awo a 1995 da irin ma'aunin da ake amfani da shi a Arizona.

Abin da suka tarar rayuwa ce irin ta ƙauyen da kowannenmu ya sani. Maza na noma a gangaren dutse, wasu na aikin katako. Mata na niƙa masara, su ɗebo ruwa, su yi wanki da hannu. Abinci kusan kullum ɗaya: wake, da gurasar masara ko ta alkama, da dankali. Nama sai jefi-jefi. Abin da likitoci ke kira faiba, wato dusa da ɓawo da zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, suna cin sama da giram 50 a rana, abin da mutumin birni da wuya ya ci rabinsa.

Ciwon suga a cikin Pima na Maycoba: kashi 6.9 cikin ɗari. A cikin Pima na Arizona: kashi 38. Ƙiba mai yawa a mazan Maycoba ba ta kai kashi 7 ba, a mazan Arizona ta haura kashi 60. A mata, kusan kashi 20 a can, kusan kashi 75 a nan.

Ba zan ce gado ba shi da hannu ba. Maƙwabtan Pima a Maycoba, waɗanda ba Pima ba kuma cimarsu ɗaya, kashi 2.6 aka samu a cikinsu. Akwai 'yar tazara, mai yiwuwa rabon jini kenan. Amma a ɗora tazarar 2.6 zuwa 6.9 kusa da ta 6.9 zuwa 38, kowa ya ga inda nauyin yake. Haka kuma ba a iya cewa abinci ne kaɗai, don mutanen Maycoba sun fi motsa jiki nesa ba kusa ba, abubuwan biyu a haɗe suke kamar yadda suke haɗe a rayuwar duk manomi. Sai dai wani bincike da aka buga a 2001 ya ɗan ware ɓangaren abinci a cikin Arizona kanta. Aka tambayi mutane wane irin abinci suka fi ci, na gargajiya ko na Turawa ko gauraye, aka bi su shekaru. Waɗanda suka ce na Turawa sun kamu da ciwon kusan ninki biyu da rabi na waɗanda suka ce na gargajiya, ko bayan an daidaita lissafi da shekaru da nauyin jiki. Mutanen da aka bi ba su da yawa sosai, amma inda sakamakon ya karkata ya yi daidai da na Maycoba.

Gadon da ba na ƙwayar halitta ba

Akwai wani abu da aka gano a wurin Pima da nake ganin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ya fi kusa da amsa tambayar da na bar asibiti da ita. David Pettitt da abokan aikinsa sun bi 'ya'yan matan da aka auna lokacin goyon ciki. 'Ya'yan da uwarsu ke da ciwon suga lokacin da take ɗauke da su, kashi 45 cikin ɗari sun kamu kafin su wuce shekara 24. Waɗanda uwarsu ta kamu daga baya, bayan ta haife su, kashi 8.6. Waɗanda uwarsu ba ta taɓa kamuwa ba, kashi 1.4.

Don a cire shakka, a 2000 Dana Dabelea da abokan aikinta suka kwatanta 'yan ɗaki ɗaya: wa da aka haifa kafin uwa ta kamu, da ƙanen da aka haifa bayan ta kamu. Uwa ɗaya, tukunya ɗaya. Haɗarin ƙanen ya ninka na wan sama da sau uku. Sugan da ya yi yawa a jinin uwa yana ratsawa zuwa ɗan tayi, jikin yaron ya ginu a kan wannan yanayi tun bai ga duniya ba. Idan mace ce, ta taso da ƙiba, ta kamu da wuri, ta yi ciki da ciwon, ta miƙa gaba. Ga gida nan da kowa zai rantse gado ne, alhali abin daga akushin mutum ɗaya ya faro, shekara hamsin ko sittin baya.

Wannan sarƙa tana da inda ake tsinka ta. Awon suga lokacin goyon ciki da riƙe shi yadda ya kamata yana kare mutum biyu. Kuma a 1997 aka buga cewa yaran Pima da aka shayar da nonon uwa zalla na aƙalla wata biyu sun fi tsira daga ciwon idan sun girma, a kan waɗanda aka tasa da madarar gwangwani.

Abin da aka gwada

Mutanen yankin da dama sun yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsu, cewa an shekara arba'in ana ɗibar jininsu, masana na samun suna, ciwon kuwa na ƙaruwa. Ƙirga gawa ba magani ba ne. Sai a shekarun 1990 hankali ya koma ga rigakafi. A wani babban gwaji da aka yi a faɗin Amurka da mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, cikinsu da 'yan asalin Amurka na yankin Arizona, aka raba su kashi-kashi. Wasu aka ba su metformin, ƙwayar maganin rage suga. Wasu aka haɗa su da masu koyarwa, aka sa musu buri biyu: rage kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki ta hanyar gyara cima, da tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Bayan kusan shekara uku, ƙwaya ta rage kamuwa da kashi 31, gyaran cima da motsa jiki ya rage da kashi 58. Mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ake nema ya sauke. Ba a ce ya koma siririn saurayi ba.

A 1997 majalisar dokokin Amurka ta ware kuɗi na musamman don yaƙi da ciwon suga a tsakanin 'yan asalin ƙasar. Da kula da hawan jini da awon ƙoda a kan kari, sababbin masu mutuwar ƙoda saboda suga a cikinsu suka ragu da kashi 54 tsakanin 1996 da 2013.

Su kuwa Pima ba su taɓa mantawa da inda abin ya faro ba. Kusan ƙarni guda suka yi suna shari'ar ruwa, ɗansu lauya Rodney Lewis ya ja ragamar zangon ƙarshe. A Disamba 2004 shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta ba al'ummar haƙƙin ruwa na kusan kubik mita miliyan 800 a shekara, babban kaso daga kogin Kolorado ta doguwar magudana. An sake sakin ruwa a wani sashe na tsohon kwarin Gila, ciyayi da tsuntsaye suka dawo. Akwai gidajen da suka adana irin waken tepary tun zamanin iyaye, yanzu ana noma shi a kusa da Sacaton ana sayarwa, ana koya wa yara dafa shi.

Amma da sauran rina a kaba. Ruwa ya dawo ya tarar da mutanen da suka yi zuriya uku ko huɗu ba su riƙe fartanya ba, harshensu ya saba da wani ɗanɗano, kanti ya fi gona kusa, soyayye ya fi dafaffe araha da sauri. Abin da aka rusa cikin shekara ashirin ba ya ginuwa da sa hannu a takarda, kuma ciwon har yau yana nan da yawa a yankin.

A 2010 masu binciken suka koma Maycoba, shekara 15 bayan awon farko. Kwalta ta riga ta zauna, wutar lantarki ta iso, ƙananan kantuna sun ƙaru, ga lemon kwalba mai sanyi a firiji, ga motoci. Suka sake auna mutane da ma'aunin da. A mazan Pima, waɗanda akasarinsu ke kan aikin ƙarfi, ciwon bai motsa ba, yana wajen kashi 6. A matan Pima ya tashi daga kashi 9.4 zuwa 13.4. A mazan maƙwabtansu da ba Pima ba, waɗanda babu wanda ya taɓa cewa suna da jinin tattali, a 1995 ba a sami ko mutum ɗaya mai ciwon ba. A 2010 an sami kashi 8.6.